Kunne Kafin Kuɗi: Tafiyar Sayen Mota a Maigatari

Kawu ya yi shekara 35 yana koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Gumel, kuma duk tsawon wannan lokaci bai taɓa mallakar abin hawan da ya wuce babur ba. Da kuɗin sallamarsa suka fito, sai ya kira ni a waya.

"Ɗan nan, in kana da sarari ka zo ranar Laraba. An yi mini maganar wata mota ta hannu a Maigatari, ina so ka raka ni mu gani."

Na san abin da motar nan take nufi a wurinsa. Gumin rayuwarsa ne zai ɗauka dunƙule guda ya miƙa wa wani. Ita za ta kai iyalinsa asibiti cikin dare, ita za ta kai shi ta'aziyya da ɗaurin aure a ƙauyukan da ya koyar. Shi ya sa ban yi wata-wata ba, na shiga motar haya daga Kano da hantsi, muka bi ta Gezawa, muka ratsa Gujungu, hazon hunturu ya lulluɓe gonakin da aka riga aka girbe. Kafin la'asar muna Gumel.

Da daddare, bayan mun ci tuwo, Kawu ya ce ba mu kaɗai za mu je ba. Akwai wani dattijon makanike, mai aikin ƙafar mota, wanda 'ya'yansa duka suka bi ta ajin Kawu. Shi zai duba mana. Na ce ai ni ma na san mota daidai gwargwado. Kawu ya ce, "Kai ka san tuƙi. Shi kuwa ya san ciwo."

Da sassafe ranar Alhamis muka kama hanya: ni da Kawu, da dattijon da kowa ke kira Baba, da yaron garejinsa ɗauke da jak da ƙarfen ɓanɓare taya da wani guntun katako. Daga Gumel zuwa Maigatari tafiya ce 'yar kaɗan, amma ranar kasuwa hanyar takan cika. Manyan motoci sun yi jerin gwano za su je lodin shanu zuwa Kudu, ga amalanke, ga masu babura da akuyoyi ɗaure a baya. Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi ne iyakar ganinka, sai gawo da aduwa da kuka jefi-jefi.

Kawu, da yake malami ba ya rabuwa da koyarwa, ya nuna arewa ya ce can gaba, cikin ƙasar Nijar ta yau, Tumbi take, inda sarautar Gumel ta zauna kafin a dawo da ita garin Gumel a 1845. Wato mutanen nan da na tsallake dangin juna ne tun kafin a shata iyaka. Ya ƙara da cewa duk abin da ya taɓa iyakar, a tukunyar mutanen Maigatari ake fara jin sa. Sun ji rufewar 2019, har zuwa Disambar 2020 da aka buɗe iyakoki huɗu, Maigatari na cikinsu tare da Illela da Seme da Mfum. Sun kuma ji ta 2023, bayan juyin mulkin Yamai, wadda ta kai har Maris ɗin 2024. Harkar mota ma haka. A da, motoci 'yan Kwatano sukan biyo ta Nijar su shigo Arewa, amma a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. Da wannan da faɗuwar darajar naira, mai ƙaramin ƙarfi kamar Kawu sai dai ya nemi wadda ta riga ta sha hanya a hannun wani.

Mai motar ɗan kasuwar riɗi da zoɓo ne, ya aiko cewa yana wurin awo, mu ba shi awa guda. Baba ya ce mu zaga kara kafin nan. Duk wanda bai taɓa ganin karar Maigatari ba, da wuya baki ya iya kwatanta masa. Shanu farare da jajaye masu dogayen ƙahoni, raguna, awaki, raƙuma sun durƙusa suna tuƙa, dawaki a gefe guda. Fulani da Buzaye da Barebari da fataken Kudu, kowa da harshensa, Hausa ce ke haɗa su. Ƙura kuwa har cikin haƙora.

Baba ya tsaya kusa da wani dattijo da ke cinikin sa na noma. Ya ce mini, "Malam, tsaya ka kalli mutumin nan." Dattijon ya buɗe bakin san ya ƙirga haƙora. Ya shafa doronsa, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ya duba kofato. Sannan ya sa aka ja shi gaba, aka juyo da shi hagu, aka juyo da shi dama, shi kuma ya tsuguna yana kallon yadda kowace ƙafa ke sauka. Bai tambayi kuɗi ba sai da ya gama.

"Ka gani?" in ji Baba. "Ba wanda ke sayen sa don shekin fatarsa. Amma mutum zai zo sayen mota, ya zaga ta sau biyu, ya ga fenti na walƙiya, ya kunna rediyo da na'urar sanyi, shi ke nan ya biya. Ita ma mota ƙafa gare ta. Abin da mutumin nan ya yi wa san nan, shi za mu yi mata."

Muka sami motar a gindin wata bishiyar maina, a wanke tas. Alhaji mai motar ya tarbe mu da fara'a, aka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa. Ya yi abin da ya ƙara masa daraja a idona: kafin a tambaye shi ya ce, "Malam, zan gaya maka gaskiya. Injinta lafiya lau, amma sitiyarin na kuka. Wani ya ce sai an canza rak ɗin gaba ɗaya. Akwai kuma wani bugu da nake ji a gargada, na canza shoka biyu na gaba, bai daina ba." Ya ce shekara huɗu motar tana bin ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa sayen riɗi.

Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, ya ji da sanyi, ya gyaɗa kai. Daga baya ya gaya mini dalili: wasu ƙararrakin da sanyin safiya suke fitowa, in mota ta ɗumama sai su lafa, don haka motar da aka tarar an riga an ɗumama ta, a jira ta huce. Sai ya kafa sharaɗi uku. A kashe rediyo, a sauke gilasai, kowa ya yi shiru.

Aka tayar da injin, motar na tsaye. Baba ya ce in murza sitiyari a hankali zuwa ƙarshen hagu, in dawo da shi ƙarshen dama. Nan take wani kuka ya tashi daga gaban motar, wuuu, kamar kukan injin markaɗe daga nesa. Ya ce in ɗan taka totur. Kukan ya ƙaru tare da ƙarar injin. Alhaji ya ce, "To, ka ji shi."

Baba ya buɗe bonet, ya cire murfin 'yar tukunyar man sitiyari, ya kira mu. Man ya yi ƙasa ƙwarai, kuma wanda ya rage ya yi kumfa. Ya yi bayani cewa irin wannan sitiyarin famfo ne ke tura masa mai da ƙarfi, belin inji ke juya famfon, shi ya sa kukan ke bin totur. In mai ya yi kaɗan, famfon sai ya riƙa zuƙar iska, iskar ce ke kumfa, ita ce kuma ke kuka. Da a ce bel ne ya saki, da ƙara mai tsini za a ji, ƙiii, musamman in an kai sitiyari maƙura. Ya kuma gargaɗe ni kada in riƙa danne sitiyari a maƙura na tsawon lokaci, don nan ne famfon ya fi shan wahala.

Amma mai ba ya ɓacewa haka kawai. Ya bi tiyo da yatsa har ya kai inda ƙura ta manne ta yi baƙi, wurin da aka ɗaure shi da zobe. Nan yake zuba. Sannan ya kwanta ya matsa robobin nan masu lanƙwasa da ke bakin rak hagu da dama. Ya ce da rak ɗin ne ke yoyo, da an ji mai ya taru a cikinsu. A bushe suke.

"Alhaji, rak ɗinka bai yi laifin komai ba. Tiyo ne da zobe, sai man da aka rubuta a murfin, ba kowane mai ba. Wannan kukan da ya fi damun ka, shi ne mafi arha a cikin motar nan."

Ya ƙara mana da cewa motocin baya-bayan nan da yawa ba su da wannan tukunya sam, lantarki ke taimaka wa sitiyarinsu, don haka wanda ya ji ƙara a irinsu kada ya ɓata lokaci neman mai.

Daga nan muka fita wani fili a bayan gari inda ƙasa ta ɗan yi tauri. Baba ya sauka, ya ce in karya sitiyari har ƙarshe in riƙa zagayawa a hankali, ina ɗan ba ta wuta. Da na zagaya ta dama, shiru. Da na juya ta hagu, sai ga shi: ƙwas, ƙwas, ƙwas, a jere, yana bin juyawar taya. Baba yana tafe a gefen motar, ya sunkuya, kunnensa na bin tayar gaba. Ya ɗaga hannu na tsaya.

Ya sa na bar sitiyarin a karye, ya nuna mana bayan tayar. Robar da ke rufe kan shaf ta tsage, giris ya fantsama ya bushe a jikin rim. Ya zura yatsa ya fito da abin da ya rage a ciki, ya murza a tafin hannun Kawu. Ƙasa-ƙasa ne, kamar an kwaɓa yashi da man shanu.

"Malam, ka ga abin da ke cin ƙafar mota a ƙasarmu. A cikin kan shaf akwai ƙwallayen ƙarfe da ke gudu a cikin kwarinsu, su ke ba taya damar juyawa alhali tana karye. Muddin robar nan na lafiya, sai su yi shekaru. Ran da ƙaya ko kututturen gero ya tsaga ta, rairayi ya shiga, to giris ya zama dutsen wasa wuƙa. Da an canza roba da wuri, da an tsira da kuɗi kaɗan. Yanzu da ya fara ƙwas-ƙwas, ƙarfe ya riga ya ciwu, sai sabon kai."

Ya kuma ce in mutum ya ga sabuwar roba fil a tsohuwar mota, kada ya saki jiki. Akwai masu cusa giris mai kauri su rufe da sabuwar roba, ƙarar ta yi shiru na 'yan kwanaki har a karɓi kuɗi. Maganin wannan shi ne zagayen da muka yi, a yi shi hagu da dama, gaba da baya, ba sau ɗaya ba.

Muka hau kwalta ta hanyar Gumel. Baba ya ce in ƙara gudu sannu a hankali, in kuma ɗan karkata motar hagu da dama inda hanya ba kowa. Yana neman gurnanin boris ne, wanda ke ƙaruwa da gudu, ya kuma sauya murya in nauyin mota ya koma gefe guda. Ba mu ji shi ba. Ya ce in sassauta riƙon sitiyari kaɗan. Motar ta ɗan ja gefe.

Sai ya nuna wata hanyar burji da ta ratse, wadda manyan motoci suka mayar gargada. Ya ce in shiga a hankali. Na kasa kunne iya ƙarfina, ban ji komai ba sai karkarwar mota. Kawu ma haka. Baba ya ce, "Ba da kunne kaɗai ake ji ba. Saurari tafin hannunka." Na sake riƙe sitiyarin da sauƙi. A nan na ji shi: wani ɗan bugu a dushe, dum, dum, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga ɗaki na uku, yana hawowa ta sandar sitiyari zuwa yatsuna. Fuskar Baba ta canza. Ya ce mu koma inuwa.

Yaron ya shimfiɗa katakon nan a ƙasa kafin ya ɗora jak, don a rairayi jak nutsewa yake yi. Da motar ta ɗagu, ya tura tayar safaya a ƙarƙashinta. Baba ya ce ba ya yarda ɗan kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sannan ya kama tayar, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya girgiza. Ba motsi. Ya ce da ta yi wasa ta nan, da sai a tuhumi boris ko boljoyin. Ya zura ƙarfe a ƙarƙashin tayar ya ɗaga, nan ma shiru. Sai ya mayar da hannayensa, ɗaya a gaban tayar ɗaya a bayanta, ya girgiza. Ƙwal, ƙwal. Tayar na rawa, sitiyari bai motsa ba.

Ya kama hannun Kawu ya ɗora a kan wani ɗan ƙarfe mai dunƙulallen kai, wanda bai fi lemon tsami girma ba, ya sa yaron ya ci gaba da girgizawa.

"Malam, me ka ji?"

"Yana ƙwacewa a hannuna," in ji Kawu.

"Wannan shi ne kan tayarod. Shi ne ke isar da saƙon hannunka zuwa taya. Ƙwallo ne a cikin kwaf, ya cinye mazauninsa har ya sami wurin wasa. Kukan famfo zai dame ka, amma ko famfon ya mutu sitiyari nauyi kawai zai yi. Kan shaf zai yi ta gargaɗinka, in ya gaji ya ajiye ka a hanya. Wannan kuwa, ran da ya fice daga kwaf ɗinsa, tayar ta daina jin maganarka. Kana murza sitiyari, ita tana tafiya inda ta ga dama. In a cikin gari ne, da sauƙi. In a kan kwalta ne, ga babbar mota tafe da shanu, sai dai abin da Allah Ya yi."

Ya shafa tayar ya nuna mana yadda gefenta na ciki ya suɗe alhali na waje da sauransa, shaidar cewa ta daɗe tana tafiya a karkace. Tun da muna wurin, ya koya mana karanta shekarun taya: lambobi huɗu a jikinta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara.

Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Innalillahi. Da wannan motar na kai yara Hadejia makon jiya." Ya kashe kuɗin shoka a banza, ya kusa kashe na rak, abin da ke neman ransa kuwa yana nan ba wanda ya taɓa shi. Baba ya ce ba laifinsa ba ne, laifin gyaran canki-canka ne. Makanikin da ya ji ƙara ya ce a sayo kaza tun bai ɗaga mota ba, aljihun mai mota yake gwaji da shi. Kafin a kwance noti ɗaya, a amsa tambaya huɗu: yaushe ƙarar ke zuwa, a tsaye ko a tafe? Tana bin injin ne ko tana bin taya? A kwana take fitowa ko a gargada? Kuma hannu ya taɓa wurin da ke motsi, ko zato ne?

Cinikin bai yi tsawo ba. Kawu ya tuna mana cewa a babin ciniki na Risala, wadda almajiran ƙasar nan ke karantawa a zaure, an hana ɓoye aibin haja, kuma wanda ya saya ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙi a kan mai sayarwa. Ya ce Alhaji ya sauke nasa nauyin tun da ya faɗi abin da ya sani, Baba kuma ya fito da wanda bai sani ba. Baba ya lissafa kuɗin tiyo da mai, da kan shaf, da kan tayarod na hagu da dama, da tayoyin gaba biyu, da saitin ƙafa. Alhaji ya cire su daga farashin ba gardama. Aka duba takardun kwastan da na mallaka, aka gwada lambar jikin mota da ta takarda. Kawu ya ce ya saya, Alhaji ya ce ya sallama, aka tafa, aka yi addu'ar Allah Ya sa alheri, Ya tsare sharrin ƙarfe.

Baba bai yarda mun kama hanya haka ba. Ya aiki yaron cikin gari ya samo kan tayarod, aka ɗaura a nan gindin mainar. Ya ƙirga zagayen zaren tsohon da ya kwance, ya mayar da sabon daidai wannan adadi, don saitin ya yi kusa kafin a kai ta wurin masu awo. Sauran aikin ya ce zai jira Gumel. Muka yi sallar la'asar, muka sayi ƙilishi, muka juyo a hankali, rana na faɗawa cikin hazo, motocin shanu na wuce mu ɗaya bayan ɗaya. Kawu na gaba, hannunsa a kan gwiwa, bai ce a kunna rediyo ba.

Ranar Asabar na shiga motar haya zuwa Kano, aka ba ni gaba. Mu goma ne har da wata mai goyo. Waƙa na tashi, ana ta hirar farashin gero. Da muka sauka daga kwalta don kauce wa wani rami, sai na ji shi ta ƙasan takalmina: dum, dum, a dushe. Na dubi hannun direba, na ga yana ta 'yan gyare-gyare da sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya.

A da, da na yi shiru, in ce ba motata ba ce. Wannan karon na ce, "Direba, don Allah ɗan rage rediyon nan." Ya rage. Na ce ya saurari tafin hannunsa. Ya ɗan yi jim, ya ce ya kwana biyu yana jin abin, yana jira ya tara kuɗin shoka. Na gaya masa abin da na gani a Maigatari, na ce dubawar ba ta cin ko sisi, jak ne da hannu biyu. Mai goyon ta ce daga baya, "Don girman Allah a duba, ba ma sauri."

Direban ya sassauta gudu. Da muka iso Gujungu ya ratse wurin wani mai faci, ya ce a kawo jak.